Kafin Ka Sauya Wa Kwamfutarka Furosesa

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, tambayoyin da ke zuwa wannan fili suka koma kusan magana ɗaya. Masu shagunan buga takardu, da masu haɗa hotunan biki da finafinai, da masu zanen gine-gine, da samarin nan masu wasannin kwamfuta, kowa abin da yake so ya ji shi ne: wane furosesa zan saya in sa wa kwamfutata ta tebur, nawa ya kamata in kashe, kuma shin gaskiya ne akwai wata dabara da ake yi wa ƙaramin furosesa ya yi gudun babba? Wannan dabara ita Turawa ke kira obakulokin. Mu a nan za mu kira ta ƙaimi, gama ba ta da maraba da abin da mahayi ke yi wa doki in yana so ya ba da abin da ya fi sukuwarsa ta kullum.

Bari in bayyana matsayina tun da farko, don kada mai gaggawa ya ce na ja shi da nisa. A da, ƙaimi hanya ce ta mai ƙaramin ƙarfi, ya sayi na araha ya ci moriyar mai tsada. A yau kuwa al'amarin ya juya, ya zama wasan masu hannu da shuni, waɗanda ba su damu da abin da mita ke ci ba. Wanda kwamfuta ce gonarsa, da ita yake ciyar da iyali, akwai wuraren da kuɗinsa za su fi yi masa amfani. Amma sai mun bi maganar daga tushe kafin a ga dalili.

Shi dai furosesa wani ɗan falle ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar na akwatin ashana. Yana zaune a cikin gurbinsa bisa babban faifan nan da ake dasa kowane abu a jikinsa, wanda masu gyara ke kira madabod, shi kuma gurbin su ce masa soket. Duk wani lissafi da kwamfuta ke yi, a nan ake yin sa. Yana kuwa aiki ne bisa bugun wani agogo, kamar yadda 'yan gayya ke sara fartanya bisa kiɗan ganga. Bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa shi ne megahaz ɗaya, miliyan dubu kuma gigahaz ɗaya. Furosesan Intel na farko, mai lamba 4004, wanda ya fito a 1971, bai kai megahaz ɗaya ba. Kwamfutar IBM ta 1981 tana gudun megahaz 4.77. A 2024 kuwa Intel ya fito da Core i9-14900KS mai kai wa gigahaz 6.2. Yadda ake samun wannan gudu shi ne, madabod yana da nasa bugun, shi kuma furosesa ya ninka shi sau kaza. Kowa ya iya taɓa ɗaya daga cikin biyun nan, bugun ko ninkin, to ya sami ƙaimi.

Labarin da ya sa wannan dabara ta yi suna a duniya ya faru ne a 1998. A watan Agusta na shekarar, Intel ya fito da Celeron 300A domin masu ƙaramin ƙarfi. Gudunsa megahaz 300, watau bugun madabod 66 da ɗoriya, an ninka sau huɗu da rabi. Sai masu bin diddigi suka gano cewa in aka sa shi a madabod mai iya bugun 100, irin su Abit BH6, aka umurce shi ya bi wannan bugu, sai ya tashi 450 cif, galibi ba tare da wata ɗawainiya ba in ban da fanka mai kyau. Alhali kuwa a wannan lokaci Pentium II mai megahaz 450 shi ne sarkin kasuwa, kuɗinsa kuma ya ninka na Celeron ɗin fiye da sau uku. Ka ga mutum ya sami ƙarin rabin gudu a banza, ya kuma tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai kuɗi a wasanni da yawancin ayyuka. Lalle wannan garaɓasa ce, ba wanda zai ga laifin wanda ya kwasa.

Kamfanoni ba su zuba ido ba. Tun kafin nan wasu 'yan damfara sun tsiro da goge lambar da ke jikin furosesa su rubuta ta sama, su sayar da shi da tsada, don haka Intel ya kulle ninkin gudu a yawancin kayansa. AMD ma ya kulle nasa, sai dai kullen bai yi ƙarko ba. A wajejen shekarar 2000 samari suka gano cewa in ka sa fensir ka haɗe wasu 'yan ƙananan layuka da aka yanke a saman Athlon da Duron, kulle ya buɗe, domin baƙin fensir yana ɗaukar wuta. Daga baya kamfanonin suka ga ai wannan sha'awa ma kasuwa ce. A farkon 2011 Intel ya fito da Core i5-2500 a kan Dala 205, da ɗan'uwansa 2500K a kan Dala 216. Harafin K ɗin nan yana nufin an bar ninkinsa a buɗe. Da ƙarin Dala 11 kacal, mutane da yawa sun ɗaga shi daga gigahaz 3.3 zuwa wajen 4.5, suka kuma yi shekaru suna aiki da shi lafiya lau. Yawancin masu ba ka shawarar ƙaimi a yau, ko sun sani ko ba su sani ba, labarin waɗannan zamunna biyu suke maimaita maka.

To, me ya sauya? Abu na farko, tun daga 2008 Intel ya shigo da wani tsari mai suna Turbo Boost, AMD ma yana da irinsa da yake kira Precision Boost. Furosesa na zamani da kansa yake yi wa kansa ƙaimi. A kowane lokaci yana auna zafin jikinsa da wutar da yake sha, in ya ga da sarari ya ƙara gudu, in ya ga abin zai wuce kima ya sassauta. Abu na biyu, tun a masana'anta ake tantance su kamar yadda ake zaɓen goro: waɗanda suka fi jure gudu a sa musu babbar lamba da babban farashi, na baya-baya a sa musu ƙarama. Rarar nan da ake bari a da, wadda mai wayo ke zuwa ya tsinta, yanzu kamfani ya riga ya auna ta, ya sayar maka da ita tun a cikin kwali. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, wanda sau da yawa ba ka ganinsa da ido sai da ma'auni.

Ga shaida biyu daga shekara guda. Akwai wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Silicon Lottery, wanda sana'arsa ita ce sayen furosesa da yawa, ya gwada su ɗaya-ɗaya, ya ware masu karɓar ƙaimi sosai ya sayar da riba. A watan Oktoba na 2021 ya rufe, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa rarar gudun ta ƙanƙance. A watan Maris na wannan shekara kuma Intel ya daina sayar da wata inshora da yake da ita domin masu ƙona furosesa garin ƙaimi. In mai zaɓen dawaki ya bar kasuwa, ai ka san babu sauran ingarma a ɓoye cikin garke.

Gaskiya ne har yanzu ana jin labarin bajinta. A watan Disamba na 2022 wasu gwanaye sun kai Core i9-13900K sama da gigahaz 9. Amma sun yi haka ne da ruwan iskar helium mai sanyin da ya wuce misali, na ɗan lokaci kaɗan, don a rubuta sunansu. Wannan tseren hawan salla ne, ba wanda zai je kasuwa da irin wannan gudu.

Yanzu mu zo ga abin da ƙaimi ke ci, domin nan ne maganar ta fi shafar mu a Nijeriya. Furosesa ba ya ƙara gudu ya tsaya daram sai an ƙara masa ƙarfin wuta, watau boltej. Ƙa'idar masana ita ce, wutar da yake sha tana tashi daidai da gudu, amma tana tashi da ninkin boltej a kan kansa. Misali, in ka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, ka kuma ƙara boltej da kashi 10 don ya zauna, to wutar da zai sha za ta ƙaru da kashi 33, watau sulusi guda. Ka biya sulusi ka karɓi ushiri. Duk wutar nan kuma da ya sha, zafi take komawa, ba ta da wata mafita.

Bari mu sa wa abin kuɗi. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin Band A zuwa Naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Mu ɗauki wannan farashi don misali. Kwamfutar da ke shan ƙarin wat 100 saboda babban furosesa da ƙaimi, in tana aiki awa 8 a rana, kwana 26 a wata, ta ci ƙarin yunit kusan 21, watau wajen Naira 4,700 a wata, fiye da Naira 56,000 a shekara. Wannan ga mai wutar layi ke nan. Mai janareta, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, ya fi kowa sanin abin da kowane wat ke nufi. Mai sola da inbata kuwa, batirin da ya saba kai shi la'asar sai ya ga ya tsaya masa da azahar. Kada a ɗauka wat 100 zuƙi ta malle ce: shi Core i9-13900K, bisa ƙa'idar da Intel da kansa ya rubuta, yana iya kai wa wat 253, alhali Core i5-12400 iyakarsa 117.

Sa'an nan ga zafin ƙasa. Turawan da ke gwada waɗannan kaya suna yaɗa sakamako a intanet, a ɗaki mai sanyi suke yi, wanda bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba. Mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma fanka ba ta da iskar da za ta hura wa furosesa sai wadda ke cikin ɗakin. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ya ƙara. Yawancin na Intel in sun kai digiri 100 sukan rage gudu da kansu don kada su ƙone, na AMD jerin Ryzen 7000 kuma a 95. Sai ka ga mutum ya kashe kuɗi ya yi ƙaimi, amma da rana tsaka injinsa yana tafiya ƙasa da na maƙwabcinsa da bai taɓa komai ba. In hunturu ya shigo kuma, ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen da ke kwashe zafi, ta zama kamar bargo. A ganina, wanda zai riƙa buɗe akwatin kwamfutarsa yana hure ƙura duk bayan 'yan watanni, ya kuma sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya in ya bushe, ya fi mai ƙaimi samun gudu a wannan ƙasa.

Akwai kuma darasi a abin da ya sami Intel a 2024. Masu amfani da manyan furosesa na zubi na 13 da na 14 suka yi ta kukan kwamfuta tana tsayawa tsakiyar aiki. A watan Yuli kamfanin ya amsa cewa furosesan suna neman boltej fiye da kima, wanda ke gajiyar da su a hankali. Ya fito da gyara a watan Agusta da na Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Sai dai gyaran rigakafi ne kawai, wanda ya riga ya lalace ba ya dawowa, sai a musanya. Abin lura a nan shi ne, yawancin masu wannan kuka ba su yi wani ƙaimi da hannunsu ba. In har kamfanin da ya ƙera abu, da dukkan injiniyoyinsa, zai matsa wa kayansa har su kai bakin rami, ina ga ni da kai da za mu ƙara turawa? Kuma a sani, Intel da AMD duka sun rubuta cewa ɓarnar da ƙaimi ya jawo ba ta cikin garanti. Wanda ya sayi nasa a hannun ɗan kasuwar da ya shigo da shi a jaka, dama can garantinsa bai wuce na 'yan kwanakin gwaji ba. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Ko da ma babu haɗari, ƙofar shiga wasan ta yi tsada. A wajen Intel sai ka sayi mai harafin K, sa'an nan ka sayi madabod na jerin Z, domin na jerin H da B ba sa barin a taɓa ninkin furosesa. Tun daga 2015 kuma masu K ba sa zuwa da fanka a kwali, sai ka saya dabam, mai girma kuwa, ka kuma duba ko akwatin wutar da ke ciyar da kwamfutar zai iya ɗauka. Core i5-12600K ya fito a kan Dala 289, shi kuwa i5-12400 a kan Dala 192 da fankarsa a ciki. Na farkon ya fi na biyun ƙarfi, babu musu, amma kafin ka gama haɗa masa kayan ɗaki ratar ta wuce Dala 97 nesa. AMD ya fi sassauci, kusan dukkan Ryzen a buɗe suke, sai dai madabod na jerin A, irin su A320 da A520, ba a yi su don haka ba. Kowace Dala kuma sai an auna ta da Naira. Kafin watan Yuni na 2023 farashin gwamnati yana wajen Naira 460, zuwa Fabrairu na 2024 ya haura 1,500. Abin da Bature ke kira ɗan ƙari, a wurinmu kuɗin makarantar yaro ne.

To, in an ajiye ƙaimi, da me za a auna ƙarfin furosesa? Kada dai a auna da gigahaz kaɗai. An yi wannan kuskure a zamanin Pentium 4, wanda ya kai gigahaz 3.8 a 2004 yana huci kamar murhu, amma Athlon 64 na AMD mai gudun da bai kai nasa ba yana shan gabansa a ayyuka da yawa, domin a kowane bugu ya fi shi yin aiki. Har Intel ya fasa fito da mai gigahaz 4, ya sake lale, ya zo da Core 2 Duo a 2006. Misali na kusa shi ne Ryzen 7 5800X3D na watan Afrilu 2022. Gudunsa bai kai na yayansa 5800X ba, 4.5 ne a kan 4.7, kuma AMD ya kulle shi, ba a yi masa ƙaimi irin na al'ada. Amma an ninka masa wata ma'ajiya ta kusa da ake kira kash, daga megabait 32 zuwa 96, sai ya zama ba ya yawan aike nesa neman abin aiki. Da wannan ya wuce yayan nasa a wasanni, ya kuma yi gogayya da mafi tsadar kayan Intel na lokacin.

Haka nan kada suna ya ruɗe ka. A Computer Village da ke Ikeja, ko Banex a Abuja, ko takwarorinsu na Kano da Kaduna, za ka ji ana cewa wannan i7 ce, kamar an gama magana. Tambayi zubi na nawa. Lambar da ke bin karan tsaye ita ke faɗa: i7-3770 zubi na 3 ne, na 2012, i7-7700 zubi na 7 ne, na 2017, i3-12100 kuwa zubi na 12 ne, na 2022, kuma wannan ƙaramin i3 ɗin ya fi su duka biyu ƙarfi. Kama da wane ba ta wane. Ga mai neman Windows 11 maganar ta fi haka nauyi, domin Microsoft ya gindaya cewa sai zubi na 8 zuwa sama a Intel, in ban da 'yan ƙalilan, a AMD kuma galibi daga jerin Ryzen 2000. Wanda ya zuba kuɗi a kan i7 na zubi na 6 ko na 7 don tserewa daga Windows 10, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Batun yawan ƙwayoyin da ke cikin furosesa, watau 'yan gayya nawa ne a gonar, wannan ya danganta da aikinka. Mai haɗa fim yana amfana da ƙwaya takwas ko fiye, domin aikin fitar da bidiyo yana rabuwa. Mai zane da AutoCAD ya fi bukatar ƙwaya mai sauri, gama yawancin aikin wannan manhaja ƙwaya ɗaya ke ɗauka. Mai wasanni ƙwaya shida sun ishe shi, sauran kuɗin ya kai wa katin hoto. Mai shagon buga takardu kuwa, in har yanzu kwamfutarsa tana tashi daga tsohon faifai mai juyawa, to ciwon ba a furosesa yake ba, ya sa SSD ya ƙara RAM ya ga ikon Allah.

Inda garaɓasar wannan zamani take, a ganina, shi ne a soket. Farashin furosesa na gaskiya ya haɗa da duk abin da zai tilasta maka ka sauya tare da shi. AMD ya fito da Ryzen a 2017 bisa soket AM4, ya kuma ci gaba da zuba sababbin furosesa a wannan gurbi shekara da shekaru. Saboda haka mutumin da ya haɗa kwamfuta a 2017 ko 2018 da Ryzen 5 1600 ko 2600, a madabod B350 ko B450, galibi yana iya cire tsohon ya dasa Ryzen 5 5600 ko wani na jerin 5000, ya bar madabod da RAM da akwatin wuta yadda suke. Ƙarin ƙarfin da zai samu ya wuce duk abin da ƙaimi zai taɓa ba shi, wutar da ake sha kuma ba ta tashi ba, domin duka ukun nan na wat 65 ne. Shi 5600 ɗin ya fito a 2022 a kan Dala 199, alhali 5600X ya fito a 2020 a kan 299, bambancin gudunsu kuwa megahaz 200 ne kawai. In wannan mutum ya ce sai sabon soket AM5 na 2022, to sai sabon madabod da sabuwar RAM irin DDR5, wadda farashinta ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025 sa'ad da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi wa kasuwa wawaso. A gefen Intel, soket LGA1700 na 2021 yana ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14, to amma nan ya tsaya, jerin Core Ultra na 2024 sun koma wani gurbi.

Sai dai fa a kula da tarkuna. Akwai soket na Intel mai lamba 1151 wanda iri biyu ne: madabod na zubi na 6 da 7 ba ya tashi da furosesa na zubi na 8 da 9, ko da yake zai shiga gurbin daidai wa daida. Furosesan Intel mai harafin F a ƙarshe ba shi da sashen nuna hoto, haka ma Ryzen 5 5600 da yawancin 'yan AM4 marasa harafin G, in ba ka da katin hoto dabam, baƙin allo za ka gani. Kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, akwatin wutarsu ƙarami ne, ba kuma a bar ƙofar ƙaimi a cikinsu ba, iyaka ka sa musu wani furosesa na zubinsu wanda kamfanin ya amince da shi. Mafi haɗari duka shi ne sabunta BIOS, watau 'yar manhajar da ke cikin madabod, wadda galibi sai an sabunta ta tun tsohon furosesa yana ciki kafin ta gane sabon. Aikin 'yan mintoci ne, amma in aka ɗauke wuta ana tsaka da shi madabod na iya mutuwa. Kada wanda ya kuskura ya fara shi bisa wutar da har yau muke kira ta NEPA, sai da UPS ko inbata mai cikakken caji.

Ga wanda hannunsa ke ƙaiƙayi, lalle sai ya taɓa wani abu, shawarata ita ce ya ja linzami maimakon ƙaimi. Ana iya rage wa furosesa boltej kaɗan, ko a sa masa iyakar wat da ba zai wuce ba. AMD yana da abin da ya kira Eco Mode domin haka, madabod na Intel ma suna da wurin sa iyaka. Ƙa'idar nan da muka ambata ta sulusi da ushiri a nan sai ta juyo ta zama taka: ka sauke wuta da zafi da yawa, ka rasa gudu kaɗan, wani lokaci ma ka ƙaru, domin furosesan da ya yi sanyi ya fi daɗewa bisa babban gudunsa. Abu guda da ya cancanci a kunna shi ne XMP, ko EXPO a wajen AMD, don RAM ta yi gudun da aka rubuta a kwalinta, ko da yake shi ma kamfanonin a cikin ƙaimi suke lissafa shi. Bayan kowane sauyi a gwada injin da aiki mai nauyi na 'yan awoyi, da rana ba da asuba ba, kafin a ɗora masa aikin mutane. Bidiyon bikin da ya lalace saura kwana ɗaya a karɓa, babu gigahaz da zai biya shi.

Mai sayen na hannu kuma ya tafi da madabod ɗinsa, ko ya sa a dasa furosesan a gabansa. A kunna, a buɗe manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, a ga sunan da ta nuna ya dace da wanda ke rubuce a murfin, domin har yau akwai masu sauya murfi da masu goge lamba. In na AM4 ne a duba alluran da ke ƙarƙashinsa a gaban haske, ko akwai wadda ta lanƙwashe ko aka miƙe ta. In na Intel ne ko AM5, alluran suna cikin soket, can za a duba. In na zubi na 13 ko 14 ne mai K, a ƙara yin hattara, gama ba a gane wanda ya riga ya gaji da ido, sai an ɗora masa kaya. A bar shi ya yi aiki mai nauyi kamar rabin awa ana kallon zafinsa, a kuma rubuta kwanakin gwaji a jikin rasit kafin kuɗi su bar aljihu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun katin hoto da akwatin wutar da ya dace da shi.